Sunan Jaririyar Murja

Ku matso kusa, jama'a, yau gardama na kawo muku, kuma ba ta dariya ba ce.

A shekarar da mura mai kama ƙirji ta addabi gari, aka kawo wa ma'aikatan wani asibiti allurar rigakafinta. Can Ɗanlami tela ya kai matarsa Murja, naƙuda ta taso mata a wata bakwai. Nas uku ya tarar a ɗakin haihuwa.

Tabawa ce babbarsu, hannunta kuwa albarka gare shi. Ta ƙi allura, ta ce, "Mura ce fa! Citta da kanumfari sun ishe ni." Jaririya ta faɗo ba numfashi, kowa ya fid da rai, Tabawa ta yi ta fama da ita har ta tsala kuka. Sai dai tana tari ta karɓi haihuwar, daga baya kuma zazzaɓi ya rufe Murja. Ko ita ta shafa mata, ko da ma da cutar ta zo, Allah kaɗai ya sani.

Lantana ta yi allura tun da aka kawo, ana ta yi mata tsiya wai tsoron mutuwa ya cika ta. Da kowa ya ja baya, ita ke shiga wurin Murja, tana tatso nono ana kai wa jaririya, don cikinta ba ya karɓar komai sai shi.

Gambo kuwa mijinta ne ya hana ta yin allurar. A ɓoye ta yi, da ya gane ya ce ta tafi gidansu. Ba ta fasa zuwa aiki ba, ita kaɗai ce mura ba ta kayar ba a ɗakin jarirai. Da wuta ta ɗauke, kwalbar ɗumama jarirai ta huce, ta ɗaure jaririyar a ƙirjinta da zane, jiki da jiki, har aka gyara.

Jaririya ta rayu, Murja ba ta tashi ba. Kafin ta cika ta kama hannun mijinta ta ce, "Malam, kada ka sa mata sunana, ka riƙa kuka duk ka kira ta. Ka sa mata sunan wadda ta cece ta."

Ranar suna ta zo ana cikin karɓar gaisuwa. Liman ya matso ya tambayi Ɗanlami suna, bawan Allah ya buɗe baki, hawaye suka riga magana.

To, ku da kuka ji, sunan wa zai raɗa wa liman?