Uwar Kwamfuta da Tsintsiyar Inna Kyauta

Akwai wani mai gyaran kwamfuta a Rabah, Mujaheed, wanda in yana aiki ba a sa masa baki. Shi ke kula da wata cibiya da ɗalibai ke gwajin jarrabawa. Babbar kwamfuta ɗaya ce a wurin, suna ce mata uwa. A cikinta ya ƙirƙiri wasu ƙananan kwamfutoci, kowace da allonta.

Wata Litinin ya ƙara faifan ajiya ga ɗaya daga cikin ƙananan. Tun ranar uwar ta fara mutuwa tana tashi da kanta, aikin ɗalibai yana gogewa.

Inna Kyauta mai shara, wadda ke riƙe da jikoki uku da wannan aiki, ta ce masa: "Ɗana, na lura duk sadda kak kunna allon bakin taga, babbar ka ɗaukewa."

Ya yi dariya. "Inna, mi kis sani ga kwamfuta?"

Da shugaban cibiyar, Malam Abdulrazak, ya tsare shi da tambaya, sai gogan naka ya ce tsintsiyar Inna ce ke taɓa wayoyi. A gaban ɗalibai aka sallame ta. Ta jingine tsintsiyar ta fita.

Bayan kwana biyu, babu Inna babu shara, uwar ta sake mutuwa. Sai a lokacin ya buɗe rajistar da na'urar ke rubuta abin da ya same ta. Ashe faifan da uwar kanta ke aiki da shi ne ya haɗa wa ƙaramar, ta allon bakin taga. Da an kunna ƙaramar sai ta ƙwace faifan, uwar ta mutu.

Gyaran minti goma ne. Kunyar ce ta hana shi cin abinci. Ya faɗa wa Malam gaskiya, ya hau babur zuwa Rara, garin su Inna, ya same ta tana tsintar albasa a gonar wani. Ya durƙusa.

"Inna, ki yafe min. Laifina ne."

Ta dube shi. "Gaban mutane anka kore ni. Haƙurin ne ka kawo nan cikin gona, inda ba kowa?"

Washegari ya tsaya gaban ɗaliban ya wanke ta. Aka aika mata ta dawo. Ta ce ta yafe, amma ba ta iya sake shiga ɗakin nan.

Darasi: Ka binciki aikin hannunka kafin ka ɗora laifi kan wanda ba ya iya kare kansa. Na'ura tana gyaruwa, mutuncin da ka zubar bai cika dawowa ba. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu ganin sun fi kowa sani.