Muryar da Take Amsawa Daga Rumbu

Akwai wani mutum, malamin yara, a wani ƙauye da ke gindin dutse. Sunansa Malam Filimon. Makarantarsa ɗaki ɗaya ce na jar ƙasa, kusa da majami'a. A bayan ɗakin kuwa akwai wani tsohon rumbu da ya jingina da bango. Na wata tsohuwa ne da ta mutu ba ta bar magaji ba. Tun daga ranar ba wanda ya zuba masa hatsi, ba kuma wanda ya yi ƙarfin halin rushe shi. Ciyawa ta cinye gindinsa. Ko awaki kewaye shi suke yi.

Malam Filimon ba mugun mutum ba ne. Amma yana da gwaji guda ɗaya da yake ɗaukar yara da shi, wanda ya gada daga nasa malamin. In an kawo yaro, sai ya ce ya ɗora hannun dama bisa kansa ya taɓo kunnen hagu. Wanda ya taɓa ya isa karatu. Wanda bai taɓa ba, a koma da shi gida ya ƙara girma. A ƙauyen ba a rubuta ranar haihuwa, saboda haka kowa ya yarda da shaidar hannu.

Wata rana wata gwauruwa mai suna Rifkatu ta kawo 'yarta Keziya. An haifi yarinyar da gajerun hannuwa da gajerun ƙafafu, kanta kuma ya ɗan fi na sa'o'inta girma. Ta ɗaga hannu iyakar ƙarfinta, ya tsaya a tsakar ka.

Malam ya ce, "Mama, ba ta kai ba. Sai baɗi."

Baɗi suka dawo, hannun bai wuce inda ya tsaya ba. Da suka sake dawowa wata shekarar, uwar ta durƙusa ta ce a hankali, "Malam, ƙannen sa'o'inta ma sun shiga. Hannun nan haka Allah ya yi shi, ba ƙaruwa zai yi ba."

Ya ce, "Mama, in na karya doka dominki, gobe kowa zai kawo mini jinjiri a goye."

Yara suka yi dariya. Keziya ba ta dube su ba, allo take kallo. Daga ranar ba su ƙara zuwa ba, shi kuma ya manta da su.

Bayan an gama girbi, sai Malam ya fara lura da wani abu. In yara suna biya karatu tare suka kai ƙarshe suka yi shiru, sai wata siririyar murya ta rage a baya, tana ƙarasa kalmar ita kaɗai. Ya ce a ransa dutse ne yake mayar da amo. Ya bar zancen.

Sai ran nan, da rana tsaka, ya tambaya, "Tara da shida, nawa ke nan?"

Ɗakin ya yi tsit. Kowa ya sunkuyar da kai. Sai daga cikin bango aka ce, "Goma sha biyar."

Dutse kuwa ba ya mayar da abin da ba a faɗa ba.

"Wa ya yi magana?"

Ba wanda ya ɗaga hannu. Yaran da suke jingine da bangon suka janye jikinsu a hankali, suka matso tsakiya. Malam ya fita ya zaga baya. Ba kowa, sai rumbun, da ciyawa, da rana. Ya ga wani rami a gindinsa, wanda kare ma sai ya matse kafin ya shiga. Ya leƙa, bai ga kome ba sai duhu da warin jemage. Ya ce, "Wane ne a nan?" Ba a amsa ba.

Daga nan abin ya zama na kullum. Muryar ba ta magana sai an rasa mai amsa, sa'an nan ta amsa, kuma daidai. Wata safiya yana kiran suna, ya kira wani yaro bai ji shi ba. Sai bangon ya ce, "Ba zai zo ba. Cikinsa na ciwo." Da aka aika gidansu, aka tarar da yaron kwance yana murƙususu. Ranar yara suka watse da gudu, waɗansu ko tabarmarsu ba su ɗauka ba.

Magana ta cika gari. Waɗansu suka ce tsohuwar ce ta dawo, waɗansu suka ce aljani ne yake koyon muryar yara don ya riƙa kiransu ɗaya ɗaya. Iyaye suka fara hana 'ya'yansu zuwa. Malam ya ji kunyar tsoronsa, gama shi ne yake koya wa yara kada su ji tsoron irin waɗannan abubuwa. Sai ya je bakin rumbun shi kaɗai, ya durƙusa, ya yi doguwar addu'a. Da ya gama ya ce, "Amin."

Daga ciki aka amsa, a hankali ƙwarai, "Amin."

Bai san lokacin da ya kai gida ba.

Sa'an nan wani dattijo, Baba Dogara, ya tara maza ya ce, "Mu ƙone shi. Amma sai abin yana ciki, in ba haka ba rumbun wani zai koma." Suka sa ranar kasuwa, lokacin da mata duka sun tafi, don kada a cika wurin da kuka. Malam bai ce i ba, bai kuma ce a'a ba.

Da hantsi suka zo da dammunan kara. Suka jera su kewaye da rumbun, suka toshe ramin. Ba motsi a ciki. Wani saurayi ya tsaya da bakin wuta a hannu.

Baba Dogara ya ce, "Malam, kai yake amsa wa. Tambaye shi mu tabbata yana nan."

Malam ya matso. Ya ce, "Tara da shida?"

"Goma sha biyar."

Maza suka ja da baya. Baba Dogara ya ce, "Kun dai ji da kunnenku. Yaro, sa wuta."

Saurayin ya cusa wutar, kara ya fara ƙara. Amma bakin malami ya riga ya saba, ba ya barin mai amsa a kan abin da ya sani, sai ya ɗora masa wata. Bai ma yi tunani ba, sai ya ji kansa yana cewa, "Yaya ake rubuta ta?"

Hayaƙi ya fara hawa jikin rumbun. Can sai aka yi tari, ƙaramin tari, aka ce, "Ban sani ba, Malam. Ba na ganin allo daga nan."

Nan take Malam Filimon ya gane. Ya yi shekaru yana jin wannan magana daga bakin yara, ya san yadda take fita da kunya. Ya yi ihu, "Mutum ne! Ku kashe wutar, yaro ne!" Ya faɗa wa karan da hannu, yana watsarwa, wuta tana cin tafinsa. Ya fizge fartanya daga hannun wani ya sari bakin ramin har ya buɗe. Ya zura hannu cikin hayaƙin, ya kamo wata 'yar ƙafa, ya jawo.

Keziya ce. Duk jikinta ƙura, idanunta sun yi ja, hannunta damƙe da tsakuwoyin da take lissafi da su. Ashe kullum in uwarta ta fita, sai ta rarrafa ta shiga, ta kafa kunne a wata tsaga da ɓera ya yi a bango. Yaron mai ciwon ciki kuwa maƙwabcinsu ne.

Baba Dogara ya zauna a ƙasa, ya ɗora hannu a ka. "'Yar Rifkatu ce. Wayyo Allah, 'yar Rifkatu ce."

Malam ya ce, "'Yata, kina jinmu muna jera kara. Don me ba ki yi ihu ba?"

Ta ce, "Na ji tsoro in kun san ni ce, za ku hana ni zuwa."

Ya ɗauke ta ya shiga da ita ɗakin, ya zaunar da ita a gaba. Ya ɗauki alli da ƙonannen hannunsa, ya rubuta goma sha biyar manya manya. Yarinyar ta daɗe tana kallo. Sa'an nan ta ce, "Ashe haka take."

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Gwajin malamin shi ne duk ma'aunin da muka gada muke auna yara da shi, ba mu taɓa tambaya ko me yake aunawa ba. Shi yana tsammani hankali yake aunawa, ashe tsawon hannu ne. Haka mukan yi wa yaron da ba ya ji sosai tambaya daga nesa, in bai amsa ba mu ce daƙiƙi ne. Mukan ba wanda hannunsa yake rawa fensir mu ce ya yi sauri. Mai in'ina kuma kafin ya fitar da amsar mun wuce kan na kusa da shi. Ba yaron muka gwada ba, naƙasarsa muka gwada, ita kuwa da ma mun san da ita.

Rumbun shi ne inda yaro yake shiga in mun kore shi. Wani ɗakin baya ne da ake rufe shi in baƙi sun zo. Wani kuma yana zaune cikin aji tare da kowa, amma ya daina ɗaga hannu tun bara. Abin da ba mu duba ba mukan ji tsoronsa, abin da muke tsoro kuwa mukan ba shi mugun suna, mu ce mayu ne, ko iska, ko alhakin iyaye. Mutanen da suka ɗauko kara ba baƙi ba ne, masu zuwa sujada ne kamarmu.

Ku lura kuma, amsar daidai ba ta ceci yarinyar ba. Abin da ya cece ta shi ne malamin ya ƙara tambaya har ya kai inda ta ce ba ta sani ba, ta kuma faɗi dalili. Gwaji na gaskiya ke nan, wanda yake nuna maka abin da ya tsare yaro, don ka kawar masa. Allah da ya yi kowane yaro ya san shi sarai, mu ne ya kamata mu zauna mu san shi. Ka matso kusa. Ka tambayi uwarsa. In bai iya faɗa ba, ka bar shi ya nuna. In bai iya rubutawa ba, ka bar shi ya faɗa.

Kowannenmu ya san wani gida a unguwarsa da akwai yaron da ba a fitowa da shi. Kada mu jira ya yi ihu. Irin waɗannan yara sun riga sun koyi yin shiru, ko da hayaƙi ya kai musu hanci.