Ruwa a Buhun Citta

Ya 'yan'uwa, a nan Samaru aka yi wani mutum. Ba zan kama sunansa ba, domin 'ya'yansa suna raye, kuma ba su suka yi laifin ba.

Asalinsa ɗan kudancin Kaduna ne, daga wani ƙauye da kowa manomin citta ne. Yayansa Sati ne ya rene shi bayan rasuwar ubansu, da cittar Sati kuma aka yi masa makaranta har ya zo Zariya. Ya gama karatu, ya yi aure, ya zauna. Allah ya ba shi baki. In ya fara zuba Turanci, Bature da kansa sai ya gyara zama.

Ya kama wani ɗan ofis a unguwar PZ, ya kafa allo a ƙofa. Sana'arsa talla ce. Wasu na tallar gyaɗa, wasu na tallar atamfa, shi kuwa Nijeriya ɗungurungum ya ɗora a faranti. Duk sa'ad da 'yan kasuwa suka zo daga ƙasashen waje, shi ake kira. Ya zaga da su gonaki, ya kai su kasuwa, yana ce musu su zo su zuba jari, ƙasa muna da ita, rana muna da ita, mutane masu riƙon amana muna da su.

Kada ku ce maƙaryaci ne tun farko. Abin da yake faɗa gaskiya ne, yana kuma son ƙasar nan har cikin ransa. Ai ba a wayi gari rana ɗaya mutum ya lalace ba.

A wata kasuwar baje koli ya haɗu da wani Bature mai kamfanin kayan yaji. Baturen ya ce an sha cutarsa a wurare da dama, ya gaji da zaƙin baki. Mutumin ya ce to su je ya gani da idonsa. Ya saka shi a mota, suka tafi har ƙauyensu.

A ƙofar gidan Sati aka shimfiɗa tabarma, aka kawo busasshiyar citta a ƙwarya. Baturen ya karya guda, ya shinshina, ya tauna. Zafinta ya sa idonsa ya kawo ruwa, ya yi ta dariya yana tari. Nan take ya ce a cika masa kwantena guda, a busar da ita ƙayau. In ta isa ƙasarsu lafiya, kowace shekara shi zai sayi cittar ƙauyen, zai kuma gina musu wurin shanya da injin tsagawa.

Mutumin ya miƙa hannu ya ce an gama. Bai tambayi kowa yawan abin da ƙauyen zai iya nomawa ba. Shi dai ya saba cewa akwai.

Da aka haƙe citta, aka tsaga, aka shanya, sai aka ga ba za ta cika kwantena ba.

Ku da ba manoma ba, ku saurara. Citta ba ta da ƙwaya da ake shukawa. Cittar ce da kanta ake mayarwa ƙasa. Shi ya sa kowane manomi yake ware mafi kyawunta, ya binne a inuwa, ya rufe da ganye, ya jira damina. Wannan shi ne iri. Ana iya sayar da akuya, ana iya sayar da keke, amma ba a taɓa iri, domin wanda ya ci irinsa ya ci baɗi tun bana.

Wannan iri shi mutumin ya je nema. Ya bari sai ran Lahadi, da aka fito daga sujada, ya tara dattawa a gindin mangwaro. Ya yi magana mai daɗi ƙwarai. Da ya gama, Sati ya ce, "Ƙanena, iri fa ka ce? Ko a shekarar yunwa babanmu bai tone iri ba."

Ya ce, "Yaya, ka yarda da ni. Kafin ruwan farko kaya sun isa, kuɗi sun zo, ku sayi irin da ya ninka wannan. Ni zan cuce ka?"

Washegari Sati ne ya fara ɗaukar fartanya ya tone nasa. Da mutane suka ga Sati ya tone, kowa ya tone. Ba Baturen suka yarda da shi ba, ba su san shi ba. Sati suka bi, Sati kuma ƙanensa ya bi.

Aka kwaso kayan zuwa Sabon Gari, aka sauke a siton wata mata mai suna Madam Busola, wadda aka haifa a nan, ta tsufa cikin sana'ar hatsi. Mata suka zauna suka tsince, aka zuba a buhuna. Wakilin Baturen ya zo, ya zura hannu a buhu nan da can, ya ce madalla, ya tafi. Amma citta tana ƙara bushewa a ajiye. Da aka ɗora a sikeli gab da lodi, sai nauyin ya gaza abin da aka yi alkawari. Ba da yawa ba. Kaɗan ne.

Ya 'yan'uwa, waya tana aljihunsa. Me zai hana ya kira ya ce kaya sun ɗan gaza, ga abin da ya samu? Wane ɗan kasuwa ne bai san kaya na raguwa ba? Amma mutumin da ya shekara yana cewa ƙasarmu ba ta rasa komai ba, yaya zai buɗe baki ya ce an rasa? Girman kai ya riƙe masa harshe.

Ya kuwa san dabarar da wasu marasa tsoron Allah suke yi a kasuwa. A ɗan yayyafa wa busasshen kaya ruwa, su yi nauyi, a sayar yau, gobe an kai wani gari an buɗe, iska ta busar, ba wanda ya sani.

Ran Asabar da la'asar, da matan suka tashi, ya tura ƙofar sito. Ya cika bokiti, ya ɗauki tsintsiya. Ya kwance bakin buhu, ya tsoma tsintsiya, ya yayyafa, ya ɗinke. Yana cikin haka Madam Busola ta dawo ɗaukar jakarta. Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Oga, mene ne haka? Ruwa a citta?"

"Ɗan laima ne kawai, Madam. Kafin Legas ya bushe."

Ta dube shi, ta dubi bokitin, ta ce, "Ni dai ban ga komai ba o." Ta ɗauki jakarta ta fita. Da wannan magana ita ma ta ɗebi nata rabon, ko da yake ba a kanta muke ba.

Sikeli ya cika. Aka yi lodi, aka rufe. Washegari mutumin ya tsaya a gaban jama'a a majami'a ya ba da shaidar alherin Allah, aka tafa masa.

Abin da bai lissafa ba shi ne, buhun kasuwa yana shan iska, kwantena kuwa akwatin ƙarfe ne a kulle. Ta yi makonni a tashar jiragen ruwa rana na dukanta, ta yi wasu makonnin a kan teku. Ruwan nan bai sami hanyar fita ba. Ya yi ta zufa a ciki, yana bin buhu buhu, har waɗanda tsintsiya ba ta taɓa ba. Da aka buɗe a can, fumfuna ta rufe komai. Hukumar ƙasar ta sa aka ƙone kayan gaba ɗaya.

Mutumin yana cin shinkafa a ofis Baturen ya kira shi, ya nuna masa hoton kayan a waya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Na tauna cittar yayanka da bakina. Wannan ba da kanta ta lalace ba. Ba zan ƙara sayen komai daga ƙasarku ba, abokaina kuma za su tambaye ni dalili, zan gaya musu."

Mutumin ya ce to. Ya ajiye waya. Ya dubi shinkafar, ya ɗauki cokali, ya cinye ta tas.

Ya zauna yana jiran tsoro ya zo, bai zo ba. Ya jira kunya, ba ta zo ba. Ya ji kansa kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta, ka taɓa ta da hannu ba ka jin komai. Ya kulle ofis, ya hau mota zuwa Samaru, ya gaisa da maƙwabta, ya yi barcinsa.

Ya aika ƙauye cewa jirgi ne ya yi jinkiri, ruwan teku ya shiga. Ya faɗa ba tare da muryarsa ta yi rawa ba. Amma Madam Busola ta kasa barci. Da Sati ya zo Zariya jin labari, ta kira shi gefe ta gaya masa abin da ta gani. Sati bai je ofis ba. Ya koma tasha ya hau mota.

Magana ta bazu a Sabon Gari. Baƙi suka ci gaba da zuwa jefi-jefi, amma ba a ƙara kiransa ba. Masu zoɓo da masu riɗi da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, su ma aka fara juya musu baya a waje. Matarsa ta kwashe yara ta koma gidan iyayenta a Palladan. Ya taya ta ɗora akwati a mota, ya ce su sauka lafiya.

Sai damina ta faɗi.

Wata rana da hantsi yana zaune a ƙofar ofis, sai ga wani dattijo ya taho da buhun masara a ka, wuyansa na rawa, yana bin wani ɗan kasuwa a baya. Sati ne. Mutumin da bai taɓa yi wa kowa aiki ba sai gonarsa, ga shi yana dako da furfura. Suka haɗa ido. Sati ya tsaya, kayan na kansa.

"Ƙanena, ina kwana? Ya yara?"

"Lafiya lau, Yaya. Ya gida?"

"Ruwa ya sauka a gida. Ƙasa ta jiƙu sosai. Ban taɓa ganin damina mai kyau irin ta bana ba." Ya gyara buhun. "Sai dai ba abin da za mu saka mata."

Mai kayan ya waiwayo ya ce, "Baba, yi sauri mana!" Sati ya ce to, ya bi shi.

Mutumin ya bi yayansa da kallo har ya sha kwana. Ya lalubi zuciyarsa ko zai sami hawaye ko guda, domin ya san ya kamata ya yi kuka. Bai samu ba. Ya san abin da ya yi, ya san wanda ya yi wa, amma sanin bai taɓa shi ba. Ya gyara kujerarsa ta koma inuwa, ya ci gaba da kallon titi. Har yau yana zuwa sujada. Yana motsa baki in ana waƙa.

Ya 'yan'uwa, kuna tsammani hukuncin Allah sai an ga gobara ko kurkuku? Ba a kama mutumin nan ba, ba a doke shi ba. An dai ɗauke masa jin zafi ne. Wanda zunubinsa ke yi masa ciwo yana da sauran hanya, domin ciwon ne ke kai mutum ga tuba. Wanda ya daina ji fa, da me zai tuba?

Ku masu fitar da kaya, ku masu karɓar baƙi, ku masu awo a kasuwa, ku sani duk buhun da ya fita daga hannunku ba sunanku kaɗai yake ɗauke da shi ba. Yana ɗauke da sunan manomin da ya yarda da ku, da na maƙwabcin da zai zo sayarwa bayanku, da na ƙasa baki ɗaya. Ba baki ke tallar ƙasa ba, abin da aka tarar a cikin buhu ne. In kaya sun gaza, ku ce sun gaza. Kunyar yini guda ce, tana wucewa.

Allah ya tsare hannuwanmu daga algus, ya tsare bakinmu daga alkawarin da ya fi ƙarfinmu. In mun yi kuskure, ya bar mana zuciyar da za ta ji ciwo tun da sauran lokaci. Allah ya kiyaye mu, mu da 'ya'yanmu. Amin.