Mantau da Hanyar Fadama

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina.

Ta zo mu ji ta, Iya!

Wani mutum ne wai shi Mantau, sarkin kafiya. In ya ce fari ne, ko gawayi ka nuna masa, fari ne. Shi a wautarsa jarumtaka ke nan.

Matarsa Tabawa maginiyar tukwane ce. Wata guda ta yi tana gini. Ran kasuwa sai ta ɗora wa jaki tukwanen, ta ce, "Maigida, bi ta tudu. Jiya an tafka ruwa, fadama ta cika."

Sai ya ce, "Mace ce za ta nuna mini hanya? Ta fadama zan bi. Na kafe!"

Ya tafi, sai ya tarar da wani manomi. Manomi ya ce, "Malam, koma. Taɓon gaban nan ya kai ƙugu."

"Ƙugunka dai, gajere. Na kafe!"

Ya ƙara gaba, sai ga makiyayi. Makiyayi ya ce, "Bawan Allah, ko shanuna sun ƙi wurin nan."

"To ni saniya ce? Na kafe!"

Da suka iso bakin fadama, sai jaki ya turje. Kun ji, jaki ma ya fi shi hankali. Sai Mantau ya sauke kayan, ya ɗora a ka, ya afka. Taku ɗaya, gwiwa. Taku biyu, ƙugu. Taku uku, sai tukwane suka zube, suka farfashe tas.

Sai ya hau ihu, "Jama'a, ku taimaka! Na kafe!"

Manomi da makiyayi suka jiyo, suka zo. Manomi ya ce, "Ai mun ji tun ɗazu."

"Wallahi na kafe!"

Makiyayi ya ce, "To wa ya musa maka?"

Sai da taɓo ya kai masa wuya suka jefa igiya, suka fisgo shi. Wando kuwa ya zauna can.

Ya iso gida da jaki, yana kare jiki da ganyen ayaba. Tabawa ta ce, "Ina tukwanena?"

Ko kunya babu, ya ce, "Ai ba ki gasa su da kyau ba."

Sai ta dube shi sama da ƙasa, ta karɓe igiyar jaki. Tun daga ranar ita ke kai kayanta kasuwa, shi kuwa yana gida yana gadin kaji.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Tsayawa kan gaskiya daban, kafiya daban, yara. Mai kafiya kunnensa ado ne kawai.