Wurin Wankan da Ba Shi da Ƙyaure a Gangaren Toka

Dalilin da ya sa wurin wankanmu na ruwan zafi ba shi da ƙyaure, ba shi da rufi, hanyar shigarsa kuma ta naɗe kamar dodon koɗi, ba rashin iya gini ba ne. Ku da ke masa dariya kullum, ku gyara zama ku ji.

A can da, babu gini a wurin. Ruwa ne kawai ke ɓuɓɓugowa daga gindin Baƙin Tsauni, wanda kakanni suka ce ya taɓa aman wuta. Yana tururi, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, amma duk mai ciwon gaɓoɓi in ya jiƙa jikinsa a ciki sai ya ji sauƙi. Maza ne kawai ke shiga, domin fili ne fetal, ga makiyaya a saman tsauni suna hangen komai.

A lokacin akwai wani magini a garin nan, sunansa Mantau, mutum mai taurin kai na gaske. Mahaifiyarsa, Iya Gwamma, sanyin ƙashi ya kama ta har ƙafafunta suka daina ɗaukarta. Abin ya dami Mantau ƙwarai, yana ganin maganin ga shi nan a bayan gari, ita kuma tana kwance.

Ya ce, "Iya, bari in goya ki zuwa ruwan zafi."

Ta ce, "Ni? In tuɓe a fili 'ya'yan mutane na kallona? Gara ƙafafun su tafi."

Ya ce, "To zan gina miki ɗaki a kan ruwan."

Ya kwaɓa ƙasa, ya yi tubali, ya tayar da soro irin wanda ya gada wajen ubansa, ya shafe shi da makuba yana ƙyalli. Mutanen gari suka yi ta yabo. Amma ginin ƙasa da tururi ba sa shiri. Kafin ma ginin ya bushe, bango ya fara zufa daga ciki, ya yi laushi kamar tuwon da aka bari a ruwa. Wata safiya aka tarar soron ya zauna cikin ruwan, ya mai da shi kunun laka. Allah ya taimaka babu kowa a ciki.

Mantau ya kwashe lakar, ya koma tsauni yana ɗebo baƙaƙen duwatsun nan masu ramuka. Ya sassaƙe su, ya jera su suna riƙe juna ba tare da ƙasa ba. Ya ɗora azara, ya rufe sama ruf da faffaɗan duwatsu, ko allura ba za ta shiga ba. Sannan ya sa ƙyauren itace mai kauri, domin a wurinsa ginin da ba ya rufuwa ba gini ba ne.

Ya goyo Iya Gwamma, matarsa Ladingo ta shiga da ita, suka tura ƙyaure. Shi kuma ya zauna a waje yana ta murmushi. Can sai ya ji ana dukan ƙyaure.

Ladingo ta yi kururuwa, "Maigida! Ƙofa ta ƙi buɗuwa! Iya ba ta numfashi sosai!"

Ashe tun ranar da aka kafa itacen yake shan tururi yana kumbura, da aka tura shi sai ya cije. Tururin kuma ya rasa mafita, ya cika ɗakin. Mantau ya ja, ya tura, ya sa kafaɗa, ƙyaure ko motsi. Ya rarumi gatari ya farfasa aikin hannunsa, ya fito da uwarsa a saɓe, ta yi laƙwas. Sai da aka yi ta yayyafa mata ruwan sanyi kafin ta buɗe ido.

Ranar nan Mantau ya ji tsoron da bai taɓa ji ba. Dattawa suka ce masa ya haƙura, tsaunin nan numfashi yake yi, ba ya son a toshe masa hanci. Ya je ya durƙusa gaban uwarsa.

Ta ce, "Kai dai ba ka ji. Ka kusa binne ni da raina."

Ya ce, "Iya, ki yafe mini. Ki ba ni dama sau ɗaya tak."

Ta ce, "To ji sharaɗina. Ba na shiga abin da ake rufewa. Ina so in ɗaga kai in ga sama. Kuma kada idon kowa ya gan ni. In ka iya, ka zo ka ɗauke ni. In ba ka iya ba, ka bar ni in kwanta lafiya."

Kowa ya ce tsohuwa ta ɗaure shi, don yaya za a yi sutura ba rufi ba ƙyaure? Mantau ya yaye rufin nan gaba ɗaya. Ya ba Ladingo gora doguwa, ya ɗaura jan ƙyalle a kanta, ya ce ta tsaya da ita a tsakiyar ruwa. Ya hau tsauni, har inda makiyaya ke zama, ya duba. Yana ganin ƙyalle sai ya sauko ya ƙara layin dutse a bangon da ke fuskantar tsauni, yana karkato shi ciki kaɗan kaɗan. Ya sake hawa, ya sake saukowa. Tafin ƙafarsa ya tsattsage, makiyaya suka riƙa yi masa sannu suna ƙunshe dariya. Bai daina ba sai ranar da ya zagaye tsaunin duka bai hangi ja ba ko ta ina. A maimakon ƙyaure kuma ya ja bango ya naɗe shi, yadda mai shiga sai ya yi kwana, ya sake kwana, kafin ya ga ruwa.

Iya Gwamma ta shiga a goye, tana ɗaga kai tana duban sama. Ta fito ba ta yaba ba, amma washegari ita ta ce a kai ta. Haka aka yi ta yi har damina ta wuce.

Wata rana Mantau ya je ɗaukarta kamar kullum, ya tarar tabarma babu kowa. Ya ruga bayan gari, ya faɗa hanyar wurin wankan da gudu. Yana kwanar farko sai ya ji muryarta daga ciki:

"Wane mara kunya ne wannan zai faɗo wa mutane ko gyaran murya babu?"

Ya tsaya cak. Ya ce, "Iya, wa ya kawo ki?"

Ta ce, "Ƙafafuna. Koma waje ka jira."

Mantau ya koma waje, ya zauna a kan dutse, ya yi kuka don murna, ƙato da shi, bai damu da masu wucewa ba.

Shi ya sa har yau wurin wankanmu a buɗe yake ta sama, ba wanda ya ƙara yi masa ƙyaure, kuma duk mai shiga, yaro ko babba, sai ya tsaya a kwanar farko ya yi gyaran murya, ya saurara ko akwai tsohuwa a ciki.