Kaskar Shanun Malam Gidado

An yi wani mutum, wani bawan Allah makiyayi, ana ce masa Malam Gidado, a wani gari da ba sai na kama suna ba. Shanunsa ba su da yawa, maganarsa ma haka.

Wata damina zazzaɓi ya shiga garin. A sha maganin zazzaɓin sauro, a sake sha, bai sauka ba. Sai ga likitoci daga birni. Shugabarsu ta ce wa mai gari, "Ranka ya daɗe, kaska muke zargi. A bar mu mu cire ta daga jikin shanu. Muna da na'urar da ke karanta ƙwayoyin halittar cutar da ke cikinta, ta faɗi sunanta da danginta, kamar yadda zanen yatsa ke nuna mai shi. In mun san ta, mun san maganinta."

To ku saurara. Kowa ya kora garkensa daji, kada a ce nasa ne masu cuta. Gidado kaɗai ya tsaya.

Matarsa ta ce, "Malam, in aka samu a namu fa?"

Ya ce, "In tana nan, tana nan, ko an duba ko ba a duba ba. 'Ya'yan mutane ne a kwance."

Aka duba, aka samu. Jama'a, kaskar nan tana jikin shanun kowa, amma sunansa ne ya fita. Aka daina sayen nonon gidansa. Aka hana shanunsa shan ruwa a rafi. Ya yi sallama, a amsa masa ciki-ciki. Bai rama ba, bai kai ƙara ba. Ya ɗaure kayansa ya bar garin da aka haife shi.

Maganin da ya dace ya iso. Yara suka miƙe, har da jikan mai gari. Kunya ta kama mutane. A ce gobe za a je a ba shi haƙuri, gobe ta zama bayan girbi, bayan girbi ya zama bayan salla. Ranar da dattawa suka isa rugarsa, matarsa ce ta fito. Ta ce, "Kun makara, Allah ya yi masa rasuwa. Ya ce in kun zo in gaya muku ya yafe."

Babu wanda ya iya ɗaga kai.

'Yan'uwa, wanda ya bari aka gano cuta ba shi ya kawo ta ba. Kada ku sa mai gaskiya ya biya kuɗin tsoronku. Kuma kowannenku ya san wanda ya zalunta. Yau yana raye, yana ji. In mun tashi daga nan, ku nufi gidansa kafin ku nufi naku.