Dalilin Da Ya Sa Kyanwa Take Wanka Da Harshenta

Dalilin da ya sa kyanwa ba ta shiri da ruwa, har kuke ganin ta a gindin bango tana lasar jikinta, ba ƙazanta ba ce. Ku ajiye bokitin nan, ku sake ta, ku zo ku zauna. Tun safe nake hana ku kun ƙi ji, ga shi ta zane muku hannuwa. To, ku saurara.

A da can, kyanwa ta fi agwagwa son ruwa. Da hantsi ya yi sai ta bi mata rafi, su suna wanki, ita tana iyo, har ta kamo ƙananan kifaye ta cinye a bakin gaɓa. Tun a lokacin ta san daɗin kifi.

A wani ƙauye da ake kira Tsamiyar Kwari akwai wata mata, Marka, mai sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Duk abin da ta mallaka yana cikin rumbun gyaɗarta, ɓerayen garin kuwa sun fi mutanen garin yawa. Kyanwarta ce kaɗai ke tsare mata rumbun. Mijinta Jatau yana da jaki, yana jigilar itace. Ba mugu ba ne, amma tun da aka haife shi ba a taɓa jin ya ce bai san abu ba.

Wata damina sai ƙuma ta cika jikin kyanwa. Ta yi ta susa har gashin wuyanta ya fara zubewa. Ba ta iya barci, ba ta iya farauta, ɓeraye suka fara wucewa ta gabanta da gyaɗa a baki.

Kyanwa ta ce wa Marka, "Uwar ɗakina, ƙumar nan za ta kashe ni. Ki nemo mini magani."

Marka ta ce, "Yi haƙuri. Bari in kai gyaɗar nan niƙa, in na dawo mu je wurin Iya Hajo." Iya Hajo ita ce ungozomar garin, tsohuwa mai sanin ganye da saiwa.

Jatau yana gefe yana gyaran mangala, ya ce, "Wace Iya Hajo kuma? Ga magani a gida, wanda nake shafa wa jakina in kaska ta kama shi. Garin taba ne da ruwan tumfafiya, na kwaɓa da man shanu. Kwana ɗaya kaska take zubewa."

Marka ta ce, "Maigida, jaki daban, kyanwa daban. Don Allah kada ka taɓa ta sai na dawo."

"Na ji," in ji shi.

Ko ƙofar gida ba ta gama fita ba ya ɗauko kaskon maganin. Kyanwa ta ce, "Maigida, ai an ce mu jira." Ya ce, "Ke dai tsaya, yanzu za ki yi mini godiya." Ya laƙume ta da shi tun daga ƙeya har wutsiya, bai bar ko tafin ƙafa ba.

Ba a jima ba fatarta ta ɗauki zafi kamar an watsa mata barkono. Ta juya ta lasa don ta rage raɗaɗin, sai abin ya shiga cikinta. Yawu ya fara dalala daga bakinta, jikinta yana karkarwa, ta tashi ta faɗi, ta sake tashi ta faɗi.

Marka ta shigo da ƙwarya a ka, ta ga haka ta yi salati. "Maigida, me ka yi mata?"

Jatau ya ce, "Maganin ne yake aiki."

"Aiki? Ka dube ta da kyau! Mutuwa take yi!"

Nan ne hankalinsa ya tashi. Maimakon ya tsaya ya ji abin da za a ce, sai ya cafki kyanwa ta wuya ya tsunduma ta cikin randa, har kai. Ruwan sanyi ya shige mata hanci da kunne. Man shanun nan kuwa da ya ji sanyi sai ya daɗa daskarewa a jikinta. Ya ciro ta, ya ga bai fita ba, ya sake tsunduma ta.

Marka ta ce, "Ka shaƙe ta, ka kuma ɓata mana ruwan sha! Ka sake ta!"

Maƙwabta suka ji hayaniya suka cika gidan, kowa da nasa ilimin. Wannan ta ce a goge ta da toka. Wancan ya ce a ɗura mata tsamiya. Wani ya ce a jefa ta rafi, ruwa mai gudu zai wanke. Jatau ya ce, "Duk ba ku gane ba. Maiƙo ai sai ruwan zafi." Ya nufi murhu inda tukunya ke tafasa.

Marka ta zaro muciya ta tare masa hanya. Ta ce, "Wallahi ka taɓa tukunyar nan, ni da kai ne yau."

Ana cikin haka Iya Hajo ta shigo tana dogara sanda, don ihun ya kai har gidanta. Ta dubi kyanwa kwance a ƙasa, ta sunsuna hannun Jatau, ta girgiza kai.

Ta ce, "Jatau, tun ranar da na yanke maka cibiya kake da gaggawa. Kowa ya fita. Hayaniyarku ma ciwo ce a gare ta."

Da gida ya yi shiru, ta ce wa Marka, "Ɗebo ruwan zafin nan kaɗan ki sirka, kamar na wankan jariri." Marka ta sirka, Iya Hajo ta tsoma gwiwar hannunta ta ji ɗuminsa ya yi daidai. Ta zuba kaɗan a akushi, iya ƙafafun kyanwa, ta shimfiɗa tsumma a ciki don kada ta zame.

"Riƙe mata haɓa a hankali, kada ki bari ta sake lasa. Ki kuma ɗaure hannunki da tsumma, kada abin ya ci ki."

Ta ɗauki sabulun salo ta yi kumfa a tafinta, ta fara daga wuya tana yin ƙasa. Ba ta bari ɗigo ya kusanci ido ko kunne ba, fuskar ma da jiƙaƙƙen tsumma ta share. Sau uku tana wankewa tana sauya ruwa, har gashin ya daina santsi, warin taba ya tafi. Sannan ta naɗe ta a busasshen zane, ta ce Marka ta rungume ta a inda rana ba ta da zafi, ta riƙa ba ta ruwa kaɗan-kaɗan.

Kwana uku kyanwa tana kwance, Marka ba ta soya ƙuli ko ɗaya ba. A kwanakin nan ɓeraye suka cinye kusan rabin rumbu. A rana ta huɗu kyanwa ta miƙe, ta yi miƙa, ta nufi ƙofa.

Marka ta ce, "Ina za ki?"

"Daji," in ji kyanwa. "An ƙona ni, an nutsa ni sau biyu, saura kaɗan a dafa ni. Duk a yini ɗaya, duk kuma da sunan taimako."

Jatau ya ce, "Amma ai ƙumar ta mutu."

Marka ta juyo ta harare shi har sai da ya sunkuyar da kai. Sannan ta durƙusa gaban kyanwa ta ce, "In kika tafi, sana'ata ta tafi. Ni ma ba zan ji daɗin gidan nan ba. Faɗi abin da kike so."

Kyanwa ta ce, "Zan zauna, zan tsare rumbu. Amma daga yau babu mai sake taɓa ni da ruwa. Ni zan wanke kaina da harshena. Rafin ma na bar shi, ko ganinsa ba na son yi. Maganin wata dabba kuma kada ya sake hawa jikina."

Iya Hajo, da ta zo dubiya, ta ce, "An yarda. Sai dai ranar da wani abu mai guba ya zuba miki. Ranar ba za a bar ki ki lasa ba, dole a wanke ki yadda na wanke ki."

Kyanwa ta kaɗa wutsiya. Sannan ta ce, "Na amince. Amma ko a ranar sai na yi yaƙushi."

Shi ya sa har yau kyanwa take wanka da harshenta, ko ɗigon ruwa ya taɓa ƙafarta sai ta yarfe. In kuma larura ta sa dole a wanke ta, manya ke yi, da ruwan ɗumi da lallashi, bayan an tambayi masu sani. Duk da haka ba ta yafe yaƙushin nan ba. Ku tashi ku wanke hannuwanku da sabulu.